Biskit mai ciki da ya riƙe mini ƴaƴa

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Maradi ce, a Bagalam aka binne cibiyata, kuma cikin hayaƙin suyar gyaɗa na tashi. Innarmu ƙuli-ƙuli da mai take yi tun kafin a haife ni. Wanda ya san Maradi ya san gyaɗa ce ta gina garin nan, ita ta yi alhazan farko, zamanin da ake tara buhuna ana sayar wa kamfanonin Turawa, kafin farin shekarun 1970 ya karya nomanta, masu kuɗi su juya ga fataucin Najeriya. Mu rabonmu cikin wannan arziki bai wuce ƴan tiyoyin da Inna ke aunowa ranar Litinin da ranar Juma'a ba. A soya, a murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo a zauna matsa. Aikina shi ne juya gyaɗa cikin yashi mai zafi. Inna ba ta leƙa kasko. Tana daga cikin ɗaki za ka ji ta ce, "Ke, sauke, ta yi." Hanci ne ma'auninta.

Na yi lekol har ajin ƙarshe na kwaleji, aka yi mini aure kafin jarrabawar BEPC. Faransancin da na tsira da shi bai kai na aikin ofis ba, amma ya isa in karanta takardar likita da rubutun bayan gwangwani. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ya haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ya bi ta Doso da Birnin Ƙonni ya sauke a nan. Mutum ne mai sauƙin kai, ba mu taɓa kwana da yunwa a hannunsa ba. Ciwo ya kama shi a hanya, aka kawo shi gida, bai daɗe a kwance ba ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya bar ni da yara huɗu, babbar ba ta gama firamare ba, ƙaramin yana goye.

Ina fita takaba wan maigidana ya zo. Ya zauna a zaure, ni ina tsugune daga bakin ƙofa, ya ce sun yi shawara a dangi: manyan biyu za su koma gidansa, na ukun a kai wa gwaggonsu a Tibiri, a bar mini na goye har in yaye shi. Ba mugunta ba ce, ina faɗa ne don kar wani ya ɗauki alhakinsa. Haka aka saba, ƴaƴa na dangin uba ne, kuma yana kallon hannuna bai ga komai a ciki ba.

Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa kaka. In na gaza, ni da ƙafata zan kawo su."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To, Allah ya ba da iko. Amma ki sani yaro ba ya cin haƙuri, tuwo yake ci."

Na shiga yin kayan biki: dubulan, cincin, alkaki, da gato irin wanda ake gasawa a gwangwanin madara. Kaka ta zo ta wuce, Alhaji bai tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba. Sai dai ribar ba ta taka kara ta karya. Kowane layi a garin nan akwai mai dubulan, kuma uwar amarya in ta zo yin gara rabin kuɗi take kawowa, sauran sai "bayan biki". Wani bayan bikin kuwa har a yi sunan ɗan fari kina bin kuɗinki. Haka na yi shekaru, yau a samu, gobe a ci bashin mai shago.

Yayana, wanda nake bi, yana Beljiyam tun da daɗewa, a birnin Liyej. Shekarar da ya zo babbar Salla, cikin tsarabarsa akwai wata kwalba mai jan murfi, an rubuta Lotus a jiki. Da na buɗe na ɗauka markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce, don launinsu ɗaya, sai dai wannan ta fi sulɓi. Na ɗebo a cokali na kai wa Inna. Ta shinshina kafin ta lasa, ta ce, "Babu gyaɗa ko ƙwaya ɗaya a nan. Sukari ne aka ƙona da gangan, sai kirfa." Na juya kwalbar na karanta, ashe ta faɗi daidai. Biskit ne aka niƙa, shi ne fiye da rabin abin da ke ciki, aka haɗa shi da man girki da sukari har ya zama abin shafawa a burodi. Biskit ɗin sunansa spekulos, siriri ne ja mai ƙarau, Yaya ya ce a can in ka sayi kofi sau da yawa za ka tarar an ajiye maka guda a gefen faranti. Kamfanin na wasu ƴan'uwa ne da suka fara a wani ƙauye mai suna Lembeke a 1932, amma man biskit ɗin sai a 2008 ya shiga kasuwa, bayan wata mata ta kai dabarar gasar masu ƙirƙira a talabijin ɗin ƙasar. Wannan ya tsaya mini a rai. Ashe abin daga kicin ɗin wata mace ya fito.

Yara suka cinye rabin kwalbar da burodi kafin in ankara, na ɓoye sauran cikin kwallayen ɗakina. Bayan Yaya ya koma, matarsa ta turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, ta ce, "Tanti, ga abin da ake yi da man nan, ke da kike gashi." Wata Baturiya ce ta kwaɓa biskit mai ɗigon shokola, cakulan ɗin nan, ta ɓoye cokali guda na man biskit a tsakiya, ta gasa. Da ta karya shi biyu sai man ya biyo hannunta yana zarara. Na kalla na sake kallo har kuɗin intanet ɗina ya ƙare.

Shi biskit mai ɗigon shokola asalinsa Amurka ne. Wata mai gidan abinci ce, Ruth Wakefield, ta fito da shi a shekarun 1930 a masaukinta mai suna Toll House, jihar Masacusets. A lokacin babu ƙwayoyin shokola da ake sayarwa a leda, sandar shokolan Nestlé ta samu ta daddatsa, sai daga baya kamfanin ya fara yin ƴan ƙwayoyin saboda ita. Na ji daɗin sanin wannan, don ni ma a Maradi ban samu ƙwayoyin ba. Sanda nake saye in sa wuƙa, kuma har yau na fi son haka, saboda wani gutsuren ya fito babba, wani ya zama gari ya bi kwaɓin ya ba shi launi.

Ga ma'aunin da na tsaya a kai, wanda ke ba ni biskit kusan 20: bota giram 225, sukari mai duhu giram 200, farin sukari giram 100, ƙwai 2, fulawa giram 380, bikarbonat (hodar da ke sa kwaɓi ya tashi) ƙaramin cokali 1, gishiri kaɗan, shokola giram 250. Sikeli ƙarami na saya tun farko, don wannan ba tuwo ba ne da za a ce a ƙara gari in ya yi ruwa.

Sukari mai duhun nan shi ne matsala ta farko. A kantunanmu ba ko yaushe ake samunsa ba, in an samu ma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Kuma ba a yi sai da shi. Shi ke riƙe danshi, shi ke sa biskit ya yi taushi a tsakiya maimakon ya bushe, kuma ɗan tsamin da ke cikinsa ne ke tayar da bikarbonat. Da farin sukari zalla abin da za ki samu faifai ne mai ƙarau, ba abin da zai iya riƙe ciki ba. Mazarƙwaila ta fitar da ni. Ruwan rake ne aka dafa har ya daskare, ba a cire masa komai ba, to ai shi ne sukari mai duhu, sunan kawai ya bambanta. Ina goga ta a magogi, in tankaɗe saboda ɓawon rake da ƴar ƙasar da kan maƙale a ciki. Wadda ta yi baƙi ƙirin tana ɗaci, ja mai haske nake zaɓa. Ƙamshin da take bayarwa ya fi na sukarin kanti, wannan ba yabon kai ba ne, matar Yaya da ta ci ta ce haka.

Matsala ta biyu ita ce wadda ban rabu da ita ba har yau: zafi. Duk dabarar biskit ɗin nan a kan sanyi take. Man biskit a kwalba ruwa-ruwa ne, ba ya naɗuwa cikin kwaɓi. Sai an ɗiba da ƙaramin cokali an jera a tire, a sa a wajen ƙanƙara na firigo ya yi tauri kamar tsakuwa. Kwaɓin ma sai ya kwana a sanyi, ko aƙalla ya yi awa biyu. Sannan ki yanko giram 60, ki buɗe shi a tafin hannu, ki ɗora daskararren man a tsakiya, ki tattaro bakin ki rufe, ki mulmula har sai babu tsaga ko ɗaya. Inda duk kika bar ƙofa, ta nan zai fito a wuta ya ƙone a tire. Baturiyar cikin bidiyo tana yi tana hira, tana gyara gashin kanta. A garinsu ta isa. Bota tana fara narkewa ne tun zafi bai kai digiri 35 ba, shokola ma haka, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin rana yana haura 40. Tafin hannunki kaɗai ya isa ya narkar da man kafin ki rufe bakin. Don haka guda huɗu-huɗu nake fiddowa daga firigo, kwanon ruwan ƙanƙara na gefena ina tsoma hannu ina gogewa. Aikin dare ne, daga ƙarfe biyu zuwa kiran sallar farko. Lokacin ɗari kuwa, Disamba da Janairu, har da hantsi ina yi hankalina kwance.

Da farko ba ni da abin gashi. Na gwada tukunya da yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, yadda muke yin gato. Gato yana yafewa, wannan ba ya yafewa: ƙasa ta ƙone, sama ba ta nuna ba. Sai na roƙi mai gidan burodin unguwarmu, dattijo ne abokin marigayi, ya bar ni in riƙa sa tirena bayan ya kwashe burodin ƙarshe, lokacin da tanderun ya fara hucewa. Ba shi da ma'aunin zafi. Fulawa yake watsawa a ƙasan tanderun ya tsaya yana kallo. In ta yi baƙi nan take ya ce, "Ɗiyata, dakata." In ta ɗauki ɗan lokaci ta yi ja a hankali ya ce, "Bismillah, zuba." Daga baya da na yi adashi na sayi fur, wato tanderun gas mai lamba, na gane abin da dattijon ke nema da idonsa shi ne digiri 180. Minti 12 ne, wani lokaci 13. Abin da ya fi wuya a koya wa mutum shi ne a fitar da shi alhali tsakiyarsa tana kama da ɗanye. Gefe ya yi ja, tsakiya na lumshi, a cire, a bar shi a kan tiren minti 10 ya ƙarasa da zafin ƙarfen. Duk yarinyar da na koya wa sai ta ce, "Mama, bai nuna ba," ta ƙara minti uku, ta fito mini da abin da sai an jiƙa a shayi.

Ɗiyar maƙwabciyata, ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ita ta fara ɗaukar mini guda goma a roba ta kai wa ƙawayenta. Su suka sa masa suna mai ciki, sunan ya bi shi. Daga ɗalibai ya kai ga malamansu, daga nan ya shiga gidajen unguwar Ali Dan Sofo da Zariya, matan alhazai suka fara aiko direba. Na sa shi dala ɗari guda, wato sefa 500. Wata ta riƙe baki ta ce, "Biskit ɗaya dala ɗari? Da zinariya aka yi shi?" Na lissafa mata kuɗin bota da na shokola da na kwalbar da ake sako mini a motar Yamai, ta ce ita dai a rage. Ban rage ba. Na lura da wani abu a sana'ar nan: wadda ta fi kowa kukan tsada sau da yawa ita ce mai gwal har gwiwar hannu. Ɗalibar da ta tara kuɗin kabu-kabunta ta saya ba ta taɓa neman ragi ba.

Kawuna, ƙanin Inna, malami ne mai almajirai. Da ya ji ana cewa ina sayar da kayan Nasara sai ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ɗiyata, abin nan da kike ba Musulmi, kin tabbata babu kitsen alade a ciki, babu giya?" Tambaya ce mai kyau, ban ji haushi ba. Na ɗauko kwalbar na karanta masa ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa: fulawa, sukari, man tsirrai, garin waken soya, kirfa, gishiri. Babu abin dabba ko kaɗan. Amma tambayar tasa ta sa na duba sauran kayana, na ga ruwan banila na ƙaramar kwalba da ake sa wa gato yawancinsa da barasa ake jiƙa shi. Tun daga ranar sukarin banila na ƴar takarda nake amfani da shi. Kawu ya ci guda, ya ce zaƙin ya yi masa yawa, ya sa a naɗe masa biyu ya kai wa iyali.

Ana cikin haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ni ba siyasa na zo yi ba, abin da ya faru a kicin ɗina zan faɗa. Aka sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, hanyar Dan Isa zuwa Jibiya ta tsaya, hanyar Kwatano ta tsaya. Farkon watan Agusta aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, mu kuwa Maradi da Damagaram layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa ne ke ba mu. Kuran, wato wutar lantarki, ya koma na rabo, a kawo wa wannan unguwa a ɗauke wa waccan, kuma ba ki san lokacin da zai zo ba. Firigona ya zama kabad. Fulawa ta hau, bota ta hau, kwalba mai jan murfi ta ɓace daga Yamai, wadda ta rage kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ciniki. Ga kuɗin makarantar yara na Oktoba yana tahowa. Daren da na zauna na ƙirga abin da ya rage a gwangwanin ajiyata, maganar Alhaji ta zaure ce ta dawo mini.

Sanyi na samo masa hanya: ina sayen ƙanƙara a wajen masu janareto, in jera a kula, in ɗora tire a kai in rufe da bargo. Ba ya kai firigo, amma yana riƙewa zuwa asuba. Man biskit ɗin ne ya gagara. Na ce to, tunda biskit ne aka niƙa, me zai hana in gasa biskit ɗin da kaina? Wannan bai ba ni wuya ba: fulawa, mazarƙwaila, bota, kirfa, bikarbonat, a murza shi siriri, a gasa har ya bushe ƙarau ya yi ja sosai, dab da ƙonewa. Wajen mayar da shi mai ne aka sha daga. Duk bidiyon da na gani madara suke zubawa, wasu ta gwangwani, wasu ta ruwa. Na bi su. A baki yana da daɗi, amma a wuta sai ya tafasa ya fasa biskit ɗin ya fito, wanda ya rage a roba kuma kafin jibi ya yi tsami.

Inna tana zaune a kan tabarma tana kallona, lokacin ƙafa ta riga ta hana ta aiki. Ta ce in miƙo mata robar. Ta shafa a yatsa, ta murza, ta shinshina.

"Me kika zuba a ciki?"

"Madara, Inna."

"Madara ba ruwa ba ce? Ke da kika tashi a gidan nan. In muna son gyaɗa ta saki mai, me muke zuba mata?"

"Ruwan zafi, kaɗan-kaɗan."

"To. Ruwa shi ke korar mai daga tunkuza. Ke kuma kina son mai ya zauna cikin gari, sai kika kai masa abokin gabarsa? Na kwalbar da yayanki ya kawo, wata nawa ya yi a cikin kwalla bai lalace ba? Don babu ruwa a cikinsa ne. Cire madarar. Mai zalla."

Na koma na karanta tsohuwar kwalbar da na ajiye ina zuba gishiri a ciki. Babu madara, babu ruwa. Abin yana rubuce a gabana tun ranar farko, amma sai da wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta faɗa.

Man da muka yi amfani da shi nata ne, na matsar farko, wanda ba a soya da albasa ba, aka bar shi ya kwanta ya yi garau. Kashi uku garin biskit, kashi ɗaya mai, sai cokali biyu na soyayyen man shanu, wanda shi ma wuta ta riga ta kore masa ruwa, don ya taimaka wajen daskarewa. Turmi ba ya ba da sulɓin da ake so, dole sai inji. Nan ma akwai ilimi. Injin da ake markaɗa tattasai da albasa ko an wanke shi sau nawa sai ya bar wari, biskit ɗinki ya fito yana ƙamshin miya. Wajen mai injin gyaɗa nake zuwa, wanda Inna ta yi shekaru tana kai wa, da sassafe kafin kowa, in tsaya a kansa ya goge da busasshen tsumma, kar ya sa ruwa. Sau biyu ake zagayawa. Na farko yana fitowa da tsaki-tsaki, na biyu sai ki ga yana zubowa daga bakin injin yana sheƙi, da ɗumi, ƙamshin kirfa da ƙonannen sukari ya cika rumfar har masu jiran layi su fara tambaya ko na sayarwa ne. Nawa in ya kwana biyu mai yana tasowa sama, saboda ba ni da sinadarin da kamfani ke sawa ya haɗe su, sai an juya kafin a ɗiba. A wuta kuwa yana zaune lafiya, ba ya tafasa.

Ɗanɗanon ba ɗaya ba ne da na kwalba, akwai gyaɗa a bayansa. Ban ɓoye wa kowa ba. Duk wadda ta aiko na ce mata na Turai ya ƙare, wannan haɗin gida ne, kuma da man gyaɗa a ciki, saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Wata Hajiya ta ce ita ba ta biyan dala ɗari a kan ƙuli-ƙuli, ta daina saye. Wasu suka ce wannan ya fi kama bakinsu. Na san akwai masu zuba haɗinsu a tsohuwar kwalba mai jan murfi su ɗauki hoto da ita a gefe. Kowa da inda zai kwana, amma ni ban ga abin kunya a man Inna ba da zan sa masa rigar wani.

A watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumi, daga baya wuta ta dawo, kaya suka fara shigowa. Ina cewa an huta, sai shokola ta ɗauki nata. A watan Maris na shekarar farashin tan ɗaya na koko ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba, saboda cuta da rashin kyan yanayi sun lalata gonaki a Kodebuwa da Gana, ƙasashen da ke noma fiye da rabin kokon duniya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ga shi a nan yammacin Afirka ake noma shi, amma sandar da nake saye sai ta je Turai an naɗe ta ta dawo. Akwai wata shokola mai araha da ake yi da man tsirrai maimakon man koko. Ba ta saurin narkewa, wanda a garinmu abin so ne, sai dai tana manne wa mutum a dasashi, ta bar maiƙo a harshe. Na gwada ta a kan yarana, ƙaramin ya ce, "Mama, wannan kyandir ne." Na bar ta. Na rage shokolan kwaɓi daga giram 250 zuwa 200, na ƙara daddatsa ta ƙanana don ta bazu, na gaya wa masu saye.

Bara Alhaji ya aurar da ɗiyarsa. Uwargidansa ta zo da kanta ta ce ana son mai ciki guda 300 na ranar wuni, haɗin gida, ba na kwalba ba. Na ce wannan gudummawata ce, ɗiyata ce ai. Da yamma sai ga yaro da ambulan, kuɗin cif, da saƙon Alhaji cewa gudummawa daban, sana'a daban, kuma marayu ne ke ci a ciki. Maganar ɗaukar yara ba ta sake tasowa tsakaninmu ba, shi bai ce ya janye ba, ni ban tambaya ba. Babbar ɗiyata yanzu tana lise, makarantar da ke gaba da kwaleji, ita ke riƙe mini littafin lissafi da wayar oda. Ina da ƴan mata biyu da ke taya ni, ɗaya ita ma mijinta ya rasu. Inna ba ta iya cin biskit ɗin saboda ciwon sukari, amma duk markaɗen da aka kawo sai an kai mata ta shinshina, kuma ta taɓa mayar da roba guda ta ce an ƙona biskit ɗin ya wuce, aka duba aka ga haka ne.

Yanzu masu kira daga Damagaram da Yamai sun yi yawa. Yamai ta fi kilomita 600, biskit ɗin zai wuni a cikin akwatin mota kusa da inji, don haka daga Maris zuwa saukar damina ba na karɓar odar nesa ko nawa za a biya. Adashina zai fito watan gobe. An nuna mini wata firiza mai aiki da hasken rana a wani kanti kusa da babbar kasuwa, kuɗinta da faifan da batir zai cinye adashin duka har in ciko. Ɗiyata tana son mu fara aikawa Damagaram tun bana, tunda ita ba ta da nisa sosai. Na ce mata a bari tukuna in ga yadda firizar za ta yi da watan Afrilu.